Manhajar Lissafi da Matsalar Harshen Koyarwa a Makarantun Gwamnati: Nazari a Kan Minna, Jihar Neja

1.0 Gabatarwa

A garin Minna ne hedkwatar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, watau NECO, take tun kafuwarta a shekarar 1999, kuma a nan ne Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka buɗe a 1983 take. Hukumar ita ke auna abin da ɗalibi ya sani na lissafi a ƙarshen karatun sakandare, jami'ar kuwa ba ta ɗaukar ɗalibi a fannonin kimiyya da injiniya sai ya sami kiredit a wannan darasi. Ke nan yaron da ya shiga aji ɗaya a wata makarantar gwamnati a Bosso ko Tunga ko Chanchaga yana zaune ne kusa da ƙofofi biyu waɗanda lissafi ne mabuɗinsu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda manhajar lissafi take tasowa daga hukumomin tarayya har ta isa allon aji, da irin tallafin da malami yake samu, sa'an nan ta nuna gurbin da harshe yake da shi a cikin wannan tafiya. An kasa maƙalar kashi huɗu: tarihin manhajar, yanayin harsuna a Jihar Neja, sigogin Hausa da suka shafi koyon lissafi, da kuma horar da malamai.

2.0 Tarihin Manhajar a Taƙaice

Abin da ake nufi da manhaja a nan shi ne rubutaccen tsari wanda ya ƙayyade abin da za a koyar a kowane aji, da abin da ake sa ran ɗalibi zai iya aikatawa bayan darasi, da kayan aiki, da hanyar auna fahimta. A tsarin mulkin Nijeriya ilmi yana cikin al'amuran da tarayya da jihohi suke da hannu a ciki tare. A aikace, tarayya ce ke tsara manhajar, jiha kuma ta rarraba ta zuwa zango-zango da mako-mako, ta ɗauki malamai, ta kuma sa ido a kan koyarwa.

Tsarin da ake bi a yau ya samo tushe ne daga Babban Taron Manhaja na Ƙasa da aka yi a Legas a 1969, wanda ya haifar da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977. Kafin wannan lokaci an gwada abin da aka kira "sabon lissafi", wanda ya shigo ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi ta hanyar tarurrukan da aka fara a Entebbe ta ƙasar Uganda a 1962. Wannan tsari ya ba da fifiko ga rukunonin abubuwa da dokokin da ke ƙarƙashin ƙidaya. A watan Janairun 1977, a wani taro a Benin, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya ba da sanarwar soke shi a makarantun firamare. Babban dalilin da masana suka fi ambatawa shi ne ƙarancin malaman da suka fahimci tsarin, musamman da yake shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara fiye da yawan ƙwararrun malamai. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, duk kyawun manhaja, ƙarfinta bai wuce ƙarfin malamin da zai koyar da ita ba.

A 1988 aka haɗe hukumomi huɗu, ciki har da Cibiyar Harsuna ta Ƙasa, aka kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilmi ta Nijeriya, watau NERDC, mai mazauni a Sheda kusa da Abuja. Ita ce ta fito da manhajar ilmin tushe ta shekara tara a 2007, aka sake duba ta a 2012, sa'an nan a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabon tsari wanda ya rage yawan darussa, amma lissafi ya ci gaba da zama wajibi a kan kowane ɗalibi. Jigogin lissafi a matakin tushe sun haɗa da:

(a) lambobi da ƙidaya;
(b) ayyuka huɗu na tushe, watau tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa;
(c) aljabara;
(d) awo da siffofi;
(e) ƙididdigar yau da kullum.

Ana maimaita waɗannan jigogi a kowane aji, sai dai ana ƙara musu zurfi. Illar wannan tsari ga yaron da aka bari a baya a bayyane take: wanda bai gane gurbin lamba a aji biyu ba, zai sake haɗuwa da shi a aji huɗu cikin ninkawa mai tsawo, ya kuma sake haɗuwa da shi a aji biyar cikin lambobi masu ɗigo, kuma babu mako a jadawalin da aka ware don komawa baya.

Ta fuskar kuɗi, Dokar Ilmin Tushe ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, jiha kuma ba ta karɓar babban kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa. A Jihar Neja, hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha ce ke kula da wannan, tare da hukumomin ilmi na ƙananan hukumomi 25.

3.0 Yanayin Harsuna a Jihar Neja

Manufar Ilmi ta 1977 ta tanadi cewa a fara koyarwa a firamare da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallin yaro, daga baya a koma Ingilishi. Bugun 2004 ya fayyace cewa shekaru uku na farko ne, daga aji huɗu kuma Ingilishi ya karɓa sannu a hankali. Hujjar da aka fi kafawa ita ce gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara darussa da Yarabanci har shekara shida, lissafi ma a ciki, kuma ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Ingilishi ba. A watan Nuwamban 2022 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da tsawaita amfani da harshen uwa zuwa shekara shida. A watan Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da janye wannan manufa da mayar da Ingilishi harshen koyarwa a dukkan matakai.

Sauyin manufa dai bai sauya harshen da yaro yake zuwa da shi makaranta ba. Jihar Neja, wadda aka ƙirƙira a 1976, gida ce ga Nufawa da Gbagyi da Hausawa da Kambari da Dukawa da Kamuku da Fulani da wasunsu. A Bida da Agaie da Lapai harshen Nupe ne ke da rinjaye. A Kontagora da Suleja Hausa ce ta fi tasiri. A Minna kuwa, wadda asalinta ƙasar Gbagyi ce kafin hanyar jirgin ƙasa ta mai da ita matattara, Hausa ce harshen kasuwa da tasha da filin wasan yara, alhali ga yara da yawa ita ce harshe na biyu. Saboda haka malamin aji ɗaya a Minna yakan tsaya gaban yara masu harsunan gida uku ko huɗu, littafin da ke hannunsa na Ingilishi ne, bayanin da yara suke ganewa kuma galibi na Hausa ne.

Akwai wani giɓi da ya kamata a lura da shi. A 1987 aka buga ƙamus na kalmomin kimiyya da lissafin firamare cikin harsunan Nijeriya tara: Edo da Efik da Fulfulde da Hausa da Igbo da Izon da Kanuri da Tiv da Yarabanci. Nupe da Gbagyi, manyan harsunan Jihar Neja biyu, ba sa cikinsu. Wannan ya ƙara wa Hausa nauyi a azuzuwan jihar, ya kuma sa sanin sigoginta na lissafi ya zama wajibi ga malami.

4.0 Sigogin Hausa da Koyon Lissafi

Lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu bn Muhammadu al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake gina hatimi, watau murabba'in lambobi wanda jimlar kowane layinsa take daidai. Fatake kuma sun daɗe suna ƙirga wuri har zuwa keso, watau dubu ashirin. Abin dubawa a nan shi ne inda ginin harshen ya dace da rubutun lambobi na makaranta, da inda suka saɓa.

4.1 Ƙidaya da Gurbin Lamba

Daga 11 zuwa 19 Hausa ta fi Ingilishi sauƙi, domin "goma sha uku" ta bayyana goma da uku a fili, bisa jerin da ake rubuta su. Matsalar tana farawa ne daga gommai. Ashirin da talatin da arba'in har zuwa casa'in aro ne daga Larabci, don haka yaro ba ya jin "shida" a cikin "sittin", ko "takwas" a cikin "tamanin". Tsohuwar ƙidayar Hausa kuwa, wadda ke cewa "gomiya shida" da "gomiya takwas", ta bayyana ginin lambar sarai. Malamin da ya ce "sittin, watau gomiya shida" yayin da yake ɗaure tsinke goma-goma, ya gajarta wa yara hanya. Irin wannan gyara aka yi wa harshen Welsh a Birtaniya, inda makarantu suka rungumi ƙidayar goma-goma a madadin tsohuwar ƙidayar ashirin-ashirin.

Yaro Banufe yana zuwa da wani tsari dabam, domin ƙidayar Nupe a kan ashirin aka gina ta: eshi ashirin ne, shiba arba'in, shita sittin, shitsun kuma ɗari, watau ashirin sau biyu, sau uku, sau biyar. Irin wannan yaro yana riƙe da tsari uku a lokaci guda, kuma ya riga ya san ninkawa a bakinsa tun kafin a koya masa ita a allo.

Matsala ta biyu ita ce jerin kalmomi. A Hausa ma'auni ne ke gabatar adadinsa, a rubutu kuwa adadin ne ke gaba:

(1) ɗari uku = 300
(2) ɗari da uku = 103
(3) dubu ashirin da biyar = 25,000 ko 20,005

Bambancin (1) da (2) ya rataya ne a kan 'yar kalmar "da" kaɗai, kuma yaron da ke rubuta abin da ya ji bi da bi yana iya rubuta 1003 a madadin 300. Misali na (3) kuwa harshen damo ne: a kasuwa yanayin ciniki ke warware shi, a aji babu abin da zai warware shi sai an tsayar da ƙa'ida, alal misali a ce "dubu ashirin da guda biyar" idan 20,005 ake nufi.

4.2 Ayyuka Huɗu

A wajen ɗebewa, jimlar "ɗebe uku daga bakwai" ta ambaci uku kafin bakwai, alhali a rubuce 7 – 3 ne. Sigar "bakwai a ɗebe uku" ta fi dacewa da rubutu, don haka ita ya kamata a fara da ita. A wajen ninkawa da rabawa Hausa tana da wata dama da Ingilishi ba shi da ita, watau maimaita lamba don nuna rarrabawa:

(4) An ba yara huɗu lemo uku-uku. (4 × 3)
(5) An raba goro goma sha biyu gida uku, kowa ya sami huɗu-huɗu. (12 ÷ 3)

Kowane yaro mai jin Hausa ya san ma'anar "uku-uku" tun bai shiga makaranta ba, kuma wannan shi ne ainihin tushen ninkawa. Sai dai kalmar "ninki" tana bukatar hattara, domin idan aka ce kuɗi "ya ninka sau biyu", wani zai fahimci riɓi biyu, wani kuma ya fahimci an ninka an sake ninkawa, watau riɓi huɗu. A aji gara a tsaya a kan "sau".

4.3 Ɓangarori

Hausa ta gaji cikakken jerin sunayen ɓangarori ta hanyar ilmin rabon gado da zakka: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushuri. Yaron da ke zuwa Islamiyya da yamma ya ji cewa matar mamaci tana da sumuni idan akwai 'ya'ya. Daga naira 240,000 ke nan tana da naira 30,000. Haka kuma abin da malaman gado suke kira "asalin mas'ala" shi ne ƙaramar lambar da dukkan ɓangarorin za su iya rabawa: idan rabi da sulusi suka haɗu, asali shida ne, rabi ya zama uku, sulusi ya zama biyu, jimla biyar cikin shida. Wannan shi ne daidai abin da manhaja take nema a babban ajin firamare. A ɗaya ɓangaren, "rabi" a maganar yau da kullum ba lallai ne ya zama daidai wa daida ba, shi ya sa ake jin yaro yana cewa a ba shi "babban rabi". Wajibi ne malami ya nuna cewa rabin lissafi ba shi da babba ko ƙarami.

4.4 Awo da Kuɗi

Nijeriya ta koma naira da kwabo a ranar 1 ga Janairun 1973, ta kuma rungumi awon mita da kilo a wannan tsakani, amma kasuwa ta riƙe nata ma'aunai. A Kasuwar Gwari ta Minna da kasuwannin doya na Paiko da Gwada, ana sayar da hatsi da mudu, doya kuma da ƙwarya, watau guda ɗari. "Jaka" a bakin 'yan kasuwa naira 200 ce, don haka jaka biyar dubu guda ce. Yaron da ya san ƙwarya uku da rabi doya 350 ce ya riga ya iya ninka lamba mai ɓangare da ɗari. Manhaja ta yarda a fara awo da ma'aunan gargajiya irin su taƙi da kamu da gaba kafin a kai ga santimita, sai dai littattafan da ake bugawa don ƙasa baki ɗaya ba sa kawo misalan wuri, don haka aikin ya koma kan malami.

5.0 Tallafin da Malami Yake Samu

Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya ita ce NCE, kuma a Jihar Neja kwalejojin ilmi na Minna da Kontagora sun daɗe suna yaye malamai. Sai dai a ƙananan azuzuwa malami ɗaya ne yakan koyar da kusan dukkan darussa, ko da kuwa ba lissafi ya karanta ba, kuma horon lissafin da ya samu da Ingilishi aka ba shi. Saboda haka kowane malami yakan ƙirƙiro fassararsa, yaro ya ji "ragi" a aji ɗaya, "ɗebewa" a aji biyu, "cirewa" a aji uku, ba tare da an gaya masa abu ɗaya ne ba.

Jihar Neja tana cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Filato, da aka fara gwada shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya daga 2006, da taimakon hukumar JICA ta ƙasar Japan, bisa koyi da wani shiri da aka fara a Kenya a 1998. Shirin ya dogara ne a kan darasi mai sa yara aiki da hannunsu, da ƙirƙiro kayan koyarwa daga abin da ke kusa, kamar marafan kwalba da tsinke da kwali, da kuma bitar darasi bayan an gabatar da shi. An tsara horon hawa-hawa: masu horarwa na ƙasa su horar da na jiha, su kuma su horar da zaɓaɓɓun malamai, waɗannan su isar wa sauran. Raunin irin wannan tsari sananne ne, domin saƙo yakan rage ƙarfi a kowane hawa, kuma yakan tsaya idan kuɗin bita ya yanke. Bugu da ƙari, shirin ya fi mai da hankali ga dabarar koyarwa fiye da harshen da ake yin ta da shi.

Wasu shirye-shirye a wasu jihohi sun taɓo wannan ɓangare. Shirin RANA da aka fara a Katsina da Zamfara a 2015 ya samar da labaran Hausa masu ɗauke da darussan lissafi don a karanta wa yara. Shirin KaLMA da aka fara a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na Jihar Kano a 2019 ya kasa yaran aji huɗu zuwa shida gwargwadon abin da suka iya, bisa tsarin da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta ƙirƙiro, ya kuma gwada koyar da lissafi da Hausa da Ingilishi tare. Kasa yara bisa iyawa yana da muhimmanci na musamman ga Neja, inda matsalar tsaro, kamar sace ɗaliban Kwalejin Kimiyya ta Kagara a watan Fabrairun 2021, ta sha jawo rufe makarantu, yara su koma aji da giɓin da jadawalin mako-mako bai san da shi ba.

6.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, ana iya ba da shawarwari huɗu. Na farko, hukumomin ilmi na jiha su fitar da ɗan littafin jagora mai jera kalmomin lissafin aji ɗaya zuwa shida da Ingilishi da Hausa da Nupe da Gbagyi, kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya. Wannan bai saɓa wa manufar 2025 ba, domin gada ce zuwa ga Ingilishin da za a yi jarrabawa da shi. Na biyu, masana harshe su yi wa lissafi irin aikin da aka yi wa nazarin harshe da adabi a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990, amma tare da malaman lissafi, don kada a samar da kalma mai daɗin ji wadda ma'anarta ta kauce. Na uku, kwalejojin ilmi su haɗa sassan lissafi da na harsunan Nijeriya su koyar da kwas guda a kan harshen ajin lissafi. Na huɗu, a ware makonnin farko na kowane zango don auna yara da cike giɓi kafin a shiga sabon jigo.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi manhajar lissafi daga inda ake tsara ta zuwa inda ake koyar da ita, ta nuna cewa tun daga soke sabon lissafi a 1977 nasarar manhaja tana rataye ne a wuyan malami. Ta kuma nuna cewa Hausa tana da wuraren da take sauƙaƙa lissafi, kamar maimaita lamba da sunayen ɓangarori, da wuraren da take bukatar ƙa'ida, kamar jerin ɗari da dubu. Manufar harshen koyarwa ta sauya sau biyu tsakanin 2022 da 2025, amma yaron Minna yana nan yana ƙirga canjinsa da Hausa ko Nupe ko Gbagyi. Aikin da ke gaban masana harsunan Nijeriya shi ne su bayyana wannan ƙidaya dalla-dalla, harshe bayan harshe, su miƙa ta ga malamin aji a sigar da zai iya amfani da ita.